Rayayye, sabon kisa ko na firiza: wane abinci ya dace da mesa mai dunƙulewa a Yamai?

Mesar da ake magana a kanta ita ce ƙaramar nan da ke dunƙulewa kamar ƙwallo ta cusa kai a tsakiya idan ta tsorata, wadda masana ke kira Python regius. Kada a haɗa ta da babbar mesar bakin kogi mai wuce mita 4 da ke haɗiye akuya. Wannan tsawonta yakan tsaya tsakanin santimita 90 da 150, ba ta da dafi, kuma tana iya shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula. Daga Benin, Togo da Ghana aka fi fitar da ita zuwa Turai da Amurka, ita ce kuma ake ajiyewa a ɗakin bautar mesoshi na garin Ouidah a Benin. Cinikinta tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji, don haka wanda zai shigo da ita ya fara tuntuɓar ma'aikatan gandun daji.

Dabbar da za ta yi shekara 25 tana cin kusu a gidanka, tilas ka san daga ina kusun zai riƙa fitowa. Hanyoyi uku ne: a jefa mata rayayye, a kashe nan take a miƙa mata, ko a daskarar a firiza a riƙa narkarwa. Masu kiwo na ƙasashen sanyi sun daɗe da yanke hukunci cewa na firiza ya fi. Suna da gaskiya a inda suke. A Yamai da Tahoua kuwa, wutar lantarki da zafin bazara ne ke da ta cewa.

Kafin a shiga kwatanci, a cire abu ɗaya daga lissafi: kusun gida, na rumbu, na kasuwa ko na kwata. Kyauta ne, yara ma za su kamo maka, amma araha ba ta ado. Cikin maganin ɓera da ake zubawa a gidaje akwai mai hana jini daskarewa, kuma yana ɗaukar kwanaki kafin ya kashe. Kusun da ya ci shi jiya yana yawo yau kamar lafiyarsa lau, shi ne ma ya fi saurin kamuwa, gubar kuma tana hantarsa. Ga tsutsar ciki da kaska. Abin da ya fi waɗannan muni ya shafi mutanen gidan ne: kusun rumbu mai nonuwa da yawa, Mastomys natalensis, shi ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka gano a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu. Yana zubar da ita a fitsari da kashi ba tare da shi ya nuna ciwo ba. Ƙadangare, kwaɗo da jaɓa su ma a bar su inda suke. Tsokar nama daga wurin mahauci ba abinci ba ce gare ta, domin tana buƙatar dabba sukutum, da ƙashi da hanta da kayan ciki. Daga ƙashin take samun sinadarin da ke gina nata ƙashin.

Rayayye

Abin da ke jan mutane zuwa rayayye a fili yake. Ba ya buƙatar wuta, ba sai ka kashe da hannunka ba, kuma mesar da aka kamo daga daji sau da yawa ba ta san wani abinci ba sai mai motsi. Motsin da ɗumin jikin kusu su ke tayar mata da sha'awar kai sara.

Matsalar ita ce kusu yana da haƙori, ita kuwa mesar ba mafaɗaciya ba ce. Idan ba ta jin yunwa, ko tana shirin saɓa, ba za ta kare kanta ba; dunƙulewa za ta yi ta kwanta. Ɓeran da aka bari da ita cikin akwati ya kwana, ba abinci ba ruwa, zai fara gurgurar bayanta, wani lokaci har ƙashin baya ya bayyana. Ko da ta kama shi, idan kamun ya zo ta ƙugu maimakon kai, bakinsa yana sake, yana iya cizon ta a ido ko a leɓe cikin daƙiƙun da take matse shi. Cizon leɓe yakan koma ruɓar baki: dasashi ya kumbura, wani abu fari-fari kamar cuku ya taru, ta daina ci gaba ɗaya. Kuma ba kowane likitan dabbobi ne ya saba duba maciji ba, aikinsu ya fi yawa a kan shanu, tumaki da kaji.

Idan dole ta sa, to da sharaɗi. Kusun ya kasance na kiwo, ƙoshe, ƙarami gwargwado. Ka tsaya a kai da dogon hantsaki ko sanda a hannu, domin idan ta nannaɗe shi bakinsa yana waje ka sa masa sandar ya ciza. Minti 15 ya wuce ba ta kula shi ba, fitar da shi, sai bayan mako guda. Jariran kusu da ba su buɗe ido ba ne kawai ba su da haɗari.

Na firiza

Ta fuskar lafiyar mesa ba abin da ya kai shi. Ba cizo, daskarewa na kashe mafi yawan tsutsotsi, kuma kana iya zaɓen daidai girman da kake so daga leda. Babbar mesa da ke ci duk mako 2 zuwa 3 ba ta wuce ɓera 17 zuwa 26 a shekara. Na wata shida bai kai kilo ɗaya da rabi ba, ɗan lungu kawai zai ci a firiza. Ana son sanyin ya kai 18 ƙasa da sifili, kowane ɓera a ledarsa an matse iska, an rubuta nauyi da ranar daskarewa, a kuma cinye cikin wata 6.

Duk wannan ya rataya ne a kan kuran, wato wutar lantarki. Mazauna Yamai sun san yadda ɗaukewar wuta ke yawaita a Afrilu da Mayu lokacin da kowa ya kunna fanka da na'urar sanyi, sun kuma ga abin da ya faru daga Agustan 2023 da layin da ke kawo wuta daga Najeriya ya tsaya na tsawon watanni. Firiza cikakkiya da ba a buɗe ba tana iya riƙe sanyi kusan kwana 2, wadda ke rabi kwana 1, amma a ɗaki mai zafin digiri 40 kada ka dogara da wannan lissafin. Ɓera ba kamar cinyar rago ba ne: kayan cikinsa na nan, cike da ƙwayoyin cuta, da ya fara narkewa daga ciki yake ruɓewa. Wuta ta dawo ya sake daskarewa, ka duba ka ga garau. Sai ranar bayarwa cikin ya yi kore, ko ya fashe a bakin mesar, ko ta haɗiye ta amayar bayan kwana biyu.

Akwai dabara mai sauƙi ta gane haka. Daskarar da ruwa a ƙaramin kofi, ɗora dala a kan ƙanƙarar, ajiye kusa da ledar ɓerayen. Duk ranar da ka tarar dalar ta nutse ƙasan kofi, firizar ta narke a bayan idonka, ɓerayen sun tashi daga aiki. Cike sauran wurin da robobin ruwa daskararru yana ƙara wa sanyin daɗewa.

Narkarwa ita ma tana da ƙa'ida. A fitar da ɓeran daga firiza zuwa firigo tun daren jiya, cikin leda ɗaurarriya. Ƙarami na narkewa cikin awa 12, babba yana kai 24. Idan ba firigo, a nutsa ledar cikin ruwan randa ana canza ruwan duk rabin awa. Kada a shanya shi a rana ko a bar shi a kan tebur tun safe. A matsa cikinsa da yatsa: in akwai tauri ko sanyi a tsakiya bai yi ba, domin ƙanƙarar da ta rage tana sanyaya cikin mesar ta hana narkewar abinci. Daga nan a sa ledar cikin ruwa mai ɗumin digiri 40 zuwa 45, wanda hannu ke iya jurewa, na minti 10 zuwa 15, har jikin ɓeran ya kai kamar 37 ko 38. Tafasasshen ruwa yana dafa fatar ya fasa ciki. Wannan ɗumin ba ado ba ne. A leɓen saman mesa akwai jerin ƙananan ramuka da take jin zafin jikin dabba da su cikin duhu. Ɓera mai sanyi a wurinta dutse ne, hannunka mai ɗumi kuma shi ne abinci. Shi ya sa ake amfani da hantsaki mai tsawon santimita 30 ko fiye.

Daskarewa ba ta kashe salmonela, ƙwayar cutar da ke sa mutum gudawa. Kwanon narkarwa da hantsakin su zama nasu daban, ledar ɓeraye a cikin roba mai murfi nesa da naman miya, a wanke hannu da sabulu. A gidan da uwargida ke sayar da ƙanƙara ko lemun leda daga firizar nan, maganar ma ba ta taso ba, sai dai a sayi wata. Wani cikas kuma: ba kamar Faransa ba inda ake odar ɓeraye daskararru a kwali, a nan yawanci kai ne za ka kiwata, ka kashe, ka daskarar. Firiza ba ta raba ka da kiwo.

Sabon kisa

A ganina wannan ce hanyar da ta fi dacewa da yawancin gidaje a nan. Kusu yana raye a kejinsa har zuwa lokacin bayarwa, a kashe shi nan take, a miƙa yana da ɗuminsa da warinsa na asali. Ba cizo, ba dogaro da wuta, ba narkarwa, kuma mesa mai tsirfa ta fi karɓar sa a kan na firiza.

Nauyinsa shi ne kisan yana hannunka, kuma dole ya zama na farat ɗaya. Hanyar da ake bi ga kusu da ƙaramin ɓera da bai kai giram 200 ba ita ce raba wuya da kai: a ɗora shi a kan abu mai tauri, a danne bayan ƙeya da ɗan ƙarfe, a riƙe gindin wutsiya a fizga baya da ƙarfi sau ɗaya. Gindin wutsiya, ba tsininta ba, don fatar tsinin tana saɓulewa. Ƙafafu za su yi ta shure-shure na ɗan lokaci, wannan ba alamar rai ba ce, motsin ma yana jawo hankalin mesar. Wanda bai taɓa yi ba ya nemi likitan dabbobi ko gogaggen mai kiwo ya nuna masa da hannu, domin kisan rabi azaba ce ga dabbar, kuma sumammen ɓera na iya farfaɗowa a cikin akwati ya yi cizo. Buga shi da bango a cikin buhu, nutsarwa a ruwa, ko jefa shi firiza da rai, duk zalunci ne.

Wane iri za a kiwata?

A nan zan kira ƙaramin farin nan kusu, babban kuma ɓera. Bambancinsu ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, musamman ga marar firiza.

Babban kusu giram 25 zuwa 40 ne. Ya ishi ƴar mesa har ta kai kamar giram 300, daga nan sai ya zama ɗan taɓa-ka-lashe. Mesa mai giram 1500 tana buƙatar abinci na giram 80 zuwa 100, wato kusu uku a zama ɗaya, kuma da yawansu daga na farko suke rufe baki. Wadda ta saba da kusu tun tana ƙarama takan ƙi ɓera daga baya, warinsu ba ɗaya ba ne. Don haka mai niyyar ciyar da ɓera ya fara da jariransa tun farko.

Ɓera shi ne daidai da babbar mesa, guda ɗaya ya wadatar. Cikinsa kwana 21 zuwa 23 ne, yana haihuwar 8 zuwa 12. Ga inda lissafi ke rikicewa: mesa ɗaya ba ta cin fiye da biyu a wata, su kuwa ƴaƴan suna kai giram 80 zuwa 100 cikin mako 4 zuwa 5, su wuce, su kai 300 da 400, girman da ba za ta iya haɗiya ba. Ba firiza, ba sauran masu kiwo da za ku raba, sai ka wayi gari kana ciyar da garken ƙattin ɓeraye da ba su da amfani a gare ka.

Mastomys na kiwo yana warware wannan, domin ko ya tsufa da wuya ya wuce girman da babbar mesa ke haɗiya. Kejinsa ya zama rumbun ajiya mai rai. Shi ne kuma irin abin da take ci a daji, mesar da ta ƙi komai sau da yawa tana kai masa sara. Aibinsa: cizo gare shi, yana huda roba ya gudu, kuma mesar da ta ɗanɗana shi tana iya ƙin komawa ɓera. Sama da duka, sai an samo irin daga zuriyar da aka daɗe ana kiwo a keji. Kada a kamo na rumbu a ce za a fara da shi, uwa mai ɗauke da Lassa tana ba ƴaƴanta. In ba a samu amintaccen iri ba, farin kusu ya fi, ko da za a riƙa ba da biyu ko uku.

Ƴan tsakin kwana ɗaya, masu giram 35 zuwa 40, sun fi komai sauƙin samu wurin masu kaji. Ba baƙon abinci ba ne: wani bincike da aka buga a 1998 kan mesoshin kudu maso gabashin Najeriya ya nuna mazan sun fi cin tsuntsaye, matan kuma dabbobi masu gashi. Ana iya cike giɓi da su, sai dai kashin mesar yakan yi ruwa da wari, kuma ƙashin ɗan tsako bai ƙosa ba, bai kamata ya zama abincin kullum ba.

Kiwon kansa yana son namiji 1 da mata 2 ko 3, keji mai murfin waya, shimfiɗar ɓawon shinkafa ko yagaggiyar takarda, da ruwa kullum. Gero da dusa kaɗai ba sa gina su. A haɗa da masara, ɗan ƙuli-ƙuli marar fumfuna da busasshen kifi, ko abincin kaji na buhu. Babban abokin gabarsu bazara ce. Zafi ya haura 30 haihuwa na raguwa, ya kai 35 zuwa sama suna fara mutuwa, masu ciki da masu shayarwa a gaba. A ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu garke na iya ƙarewa a yini ɗaya. A sa su a ɗakin ƙasa mafi sanyi, a jingina robar ƙanƙara a gefen keji, a rufa jiƙaƙƙen buhu a sama. Mai firiza da sola ya yi hikima ya hayayyafa da yawa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya daskarar, ya rage garken kafin Maris.

Nawa, kuma yaushe

Ko wace hanya aka bi, awon ɗaya ne. Kaurin abincin kada ya wuce wurin da ya fi kauri a jikin mesar. Ƴar ƙyanƙyasa tana fitowa da kamar giram 60 zuwa 70, ba ta ci sai ta yi saɓar farko bayan mako ɗaya ko kwana 10. Daga nan duk kwana 5 zuwa 7, abinci mai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta. Daga giram 200 zuwa 500, duk kwana 7 zuwa 10. Daga 500 zuwa kilo, duk kwana 10 zuwa 14. Babba, duk mako 2 zuwa 3, kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari ya isa. Ƙaramin sikelin kicin da littafin rubuta nauyi duk wata sun fi ido gaskiya. Ƙashin baya ya fito kamar tsinin rufi, ta rame. Jiki ya zama kamar taɓarya, fata na leƙowa tsakanin ɓawo, kitse ya taru gab da wutsiya, an cika ta.

A ba ta bayan magariba, a cikin akwatinta, fitila a rage. A riƙe kusun ta ƙeya da hantsaki, kai yana fuskantar ta, a ɗan girgiza a bakin maɓoyarta, ba a dungura mata a fuska ba. Za ka ga harshe ya fara fita da sauri, wuya ya lanƙwashe, sai sara. A ci gaba da ɗan jan kusun daƙiƙa kaɗan don ta matse sosai, a saki, a bar wurin. Awa 48 bayan ci ba a ɗaukar ta.

Narkewar abinci a cikinta aikin zafi ne. Ɓangare ɗaya na akwatin ya kasance 31 zuwa 33, ɗayan 25 zuwa 27, kowanne da maɓoya matsattsiya. Kifaffen kasko ko ƙwarya da aka yanke wa ƙofa ya wadatar. A daren hunturu na Disamba da Janairu, lokacin da sanyi ke sauka wajen 15, a Tahoua ma ƙasa da haka, mesar da aka ciyar ba abin ɗumama akwati abincin ruɓewa yake a cikinta ta amayar. A bazara kuma juyin haka ne: ɗaki ya wuce 35, a dakatar da ciyarwa a nemi sanyi tukuna. Iskar hunturu tana busar da akwati ƙwarai, alhali tana son laima kashi 55 zuwa 65. Faffaɗan kaskon ruwa da maɓoya mai damshi suna taimakawa, mesar da ƙishi ya kama ba ta ci. Idan ta yi amai, a bar ta kwana 14 cur, sannan a ba da rabin girman da aka saba. Gaggawar sake ba ta ita ke jawo amai na biyu, wanda ya fi na farko haɗari.

Ƙin ci kuwa halinta ne. Idonta ya yi shuɗi-shuɗi, saɓa ce ke tafe, a jira. Manya, musamman maza, suna iya rufe baki wata 2, 3 ko fiye a lokacin sanyi ba tare da wata cuta ba. Muddin nauyi bai ragu da kashi 10 cikin ɗari ba, ba majina, ba numfashi da baki buɗe, a riƙa gwadawa duk mako 2 kawai. A nan ne mutane ke karaya su koma rayayye, su rushe horon watanni.

Wadda ta saba da rayayye ana sauya ta ne a hankali. A tsallake ciyarwa ɗaya yunwa ta kama ta, a ba da sabon kisa yana shure-shure. Ta karɓa sau 3 ko 4, a koma wanda ya daina motsi amma da ɗumi, sannan na firiza da aka ɗumama kansa fiye da jikinsa. In ta yi tsirfa, a goga shi a shimfiɗar kejin kusun da ta saba da shi, ko a ajiye shi a bakin kasko a rufe akwatin da zane. A lokacin sanyi ana iya barin sa har asuba. A bazara bayan awa 2 ko 3 a ɗauke a binne, kada a mayar da shi firiza.

Mai sola da batir da firiza ta daban, ko masu kiwo uku-huɗu da suka haɗa kai, ɓera daskararre ya fi musu sauƙi. Mai mesa ɗaya da wutar gari kawai ya riƙe ƙaramin kejin kusu, ya koyi kisan farat ɗaya, ya san mai ƴan tsakin da zai nufa idan bazara ta taɓa garken. Rayayye a bar shi ga sabuwar kamu da ƴar ƙyanƙyasar da ta ƙi komai, na ɗan lokaci, da sanda a hannu.